ABINCIN MAI ATISAYE: LOKACIN TUWO DABAN, LOKACIN DABINO DABAN

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa daga cikin masu aikin sa-kai a ɓangaren taimakon gaggawa ya gabatar ga matasa masu atisaye da wasannin motsa jiki. Mun kawo muku shi ne saboda fa'idar da ke cikinsa. A sha karatu lafiya.

  Maudu'in da aka ce in yi magana a kai shi ne abincin mai motsa jiki, musamman nau'in abincin nan mai ba da kuzari, wanda masana ke kira kabohaidiret.

Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan maudu'i sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili da akwatin magani. Duk lokacin da aka yi doguwar tsere, ko wasan ƙwallo, ko atisayen da ya wuce awa ɗaya, sai an kwaso wani. In ya farfaɗo ka tambaye shi abin da ya ci, galibi amsar ba ta wuce uku. Ko dai rabonsa da abinci tun daren jiya, ko kuma lemon kwalba da biskit ya sha ya fito, ko kuwa ya cika cikinsa da ɗanwake ana saura minti 10 a fara, yanzu ga shi yana amai. Dukkan su ukun yunwa ko ƙoshi suke zargi, alhali abin da ya kayar da su shi ne rashin sanin irin abincin da ya dace da kowane lokaci. To, a kan wannan za mu tattauna, in sha Allah.

MENENE KABOHAIDIRET?

Tun a makaranta an koya mana cewa abinci kashi-kashi ne. Akwai mai gina jiki, wato furotin, irin su nama da ƙwai da kifi da wake. Akwai mai maiƙo, irin su man gyaɗa da man ja da man shanu. Sa'annan akwai mai ba da kuzari, wanda shi ne namu na yau, kuma shi ne mafi yawan abin da muke ci, wato gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da acca, da rogo da doya da dankali da makani, har zuwa kan sukari da zuma da rake da 'ya'yan itatuwa.

To, me ya haɗa tuwo da zuma a aji guda, alhali ɗaya na da zaƙi ɗaya ba shi da shi? Ku ɗauki misalin carbi. Ƙwayar carbi guda ɗaya ita ce sukari mafi sauƙi. Daga cikin irinta akwai gulukos, wanda shi ne ke yawo a cikin jininmu, da kuma furuktos, wato sukarin 'ya'yan itace da zuma. In aka haɗa ƙwaya biyu, gulukos ɗaya da furuktos ɗaya, shi ne sukarin da muke zubawa a shayi, wanda ake samu daga rake. Madara ma tana da nata sukarin mai ƙwaya biyu. Waɗannan su ake ce wa kabohaidiret mai sauƙi, saboda jiki ba ya shan wahala kafin ya shigar da su jini.

Idan kuwa aka shirya ƙwayoyin gulukos ɗaruruwa ko dubbai a zare guda, ya zama dogon carbi, shi ne sitaci. Shi ke cikin hatsi da rogo da doya. Wannan shi ne kabohaidiret mai sarƙa, kuma jiki ba zai amfana da shi ba sai ya tsinka zaren ya ware ƙwayoyin ɗai-ɗai. Aikin tsinkawar tun daga baki yake farawa, domin akwai sinadarin da ke yin haka a cikin yawu. Wanda ke son ya gani da kansa, ya ɗauki lomar burodi ko gurasa ya yi ta taunawa kada ya haɗiye, zai ji ta fara zaƙi. Sauran aikin kuma a ƙaramin hanji ake ƙarasa shi.

Akwai na uku, shi ne harza, wadda ke cikin dusar hatsi da ɓawon wake da ganyaye irin su zogale da kuka da rama. Ita ma sarƙa ce, amma cikin ɗan Adam ba shi da almakashin da zai yanke ta. Amfaninta shi ne tana rage wa abinci gudu a cikin hanji, sai sukari ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, kuma tana hana taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a kullum.

Matan da ke nan sun fi mu sanin bambancin wutar kara da ta kirya. Kara nan da nan yake kamawa, ya yi balbal, ya mutu. Kirya kuwa sai ta ɗau lokaci kafin ta kama, amma in ta kama sai ta dafa wake ta bar garwashi. Mai girki ba ta raina ko ɗaya, don da kara take hura wuta, da kirya take dahuwa. Haka sukari da sitaci suke a jikin mai motsa jiki.

RUMBU BIYU A JIKIN MUTUM

Gulukos ɗin da ya shiga jini ba ya zama a nan. Wata gaɓa da ke bayan tumbi tana sakin wani sinadari mai suna insulin, shi kuma sai ya buɗe wa gulukos ƙofar tsoka da sauran sassan jiki. Abin da ake buƙata nan take a ƙone shi, saura kuma a sake ƙulla shi a ajiye. Wannan ajiya ita ake kira gilaikojin, kuma wani masani ɗan Faransa mai suna Claude Bernard ne ya fara ciro ta daga hanta a 1857.

Rumbunan ajiyar biyu ne. Na farko yana hanta, yana ɗaukar kimanin giram 100. Wannan kamar rumbun gari ne, daga cikinsa ake zuba wa jini sukari a kai a kai don kada ya yi ƙasa, musamman saboda ƙwaƙwalwa, wadda ita kaɗai take cin wajen giram 120 na gulukos a rana. Na biyu yana cikin tsoka, yana ɗaukar kimanin giram 400 a jikin baligi. Shi kuma kamar rumbun gida ne, kowace tsoka nata take ci, ba ta ba maƙwabciya. In na cinya ya ƙare, na damtse ba zai kawo mata gudunmawa ba.

Kowane giram na kabohaidiret yana ba da kalori 4, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Ka ga ke nan duka rumbunan biyu ba su wuce kalori 2,000 ba. Ga wanda ke gudu mai ƙarfi ba tsayawa, wannan guzurin minti 90 ne zuwa awa 2. Wani zai ce to ai akwai kitse a jiki. Gaskiya ne, ko siririn mutum yana da kitsen da ƙarfinsa ya ninka wannan sau da yawa, kuma giram ɗaya na kitse kalori 9 ne. Amma kitse a hankali yake ƙonewa. Yana isar mai tafiya a ƙasa cikin natsuwa, amma da zarar ka ƙara wuta, numfashi ya hau, to jiki sai ya koma kan gilaikojin. Idan rumbun tsoka ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Idan na hanta ya ƙare, sukarin jini ya faɗi, sai jiri da karkarwa da gumi mai sanyi da ruɗewa.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Wannan magana an gwada ta, ba zato ba ne. A 1924 wasu likitoci suka auna jinin masu tseren dogon zango a birnin Boston na Amurka, tseren nan mai kilomita 42. Suka tarar waɗanda suka iso a galabaice, suna tangaɗi, sukarin jininsu ya faɗi ƙwarai. Da shekara ta zagayo, a 1925, sai suka sa 'yan tseren suka ci abinci mai sitaci da yawa ana gobe tsere, suka kuma ba su alewa su riƙa tsotsa a hanya. Sai aka ga sun iso da sauran ƙarfinsu. Ku lura da tsarin tun daga nan: sitaci kafin ranar, zaƙi a tsakiyar hanya.

A 1966 kuma wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka yi gwaji a jikinsu. Suka sa keken motsa jiki guda ɗaya a tsakaninsu, kowa yana tuƙa feda da ƙafa ɗaya, har ƙafar ta gaza. Sa'annan suka yi kwana 3 suna cin abinci mai yawan kabohaidiret, suna tsakuro tsokar cinyarsu da allura suna aunawa. Sai suka ga ƙafar da ta yi aiki ta tara gilaikojin kusan ninki biyu na wadda ta huta. Wato tsokar da aka wahalar ita ce ta fi iya ajiya, muddin an ba ta abin ajiyewa.

A 1967 suka faɗaɗa gwajin tare da wasu abokan aikinsu a kan mutum 9. Da mutanen suka ci abincinsu na yau da kullum, sun yi kimanin minti 114 suna tuƙa keke kafin su gaza. Da aka yi kwana 3 ana ba su furotin da maiƙo zalla, minti 57 kawai suka iya. Da aka koma ba su mai yawan kabohaidiret na kwana 3, sai suka kai minti 167. Mutanen su ne dai ba a canza ba, keken ma shi ne, abinci kaɗai ya ninka juriyarsu kusan sau uku.

'Yan ƙwallo su ma su saurara. A 2006 masu bincike a ƙasar Denmak sun auna tsokar 'yan wasa bayan an tashi, suka tarar kusan rabin zaruruwan tsokar cinya sun ƙarar da gilaikojin ɗinsu ko sun kusa. Shi ya sa gudun minti 80 ba ya zama kamar na minti 10.

Kada kuma wani ya ɗauka sai da abincin gwangwani mai tsada ake zama gwani. A 2004 an bi diddigin abin da manyan 'yan tseren Kenya ke ci a sansaninsu, aka tarar kashi 76 cikin 100 na ƙarfin da suke samu daga kabohaidiret yake. Babban abincinsu shi ne ugali, wanda tuwon masara ne kamar namu, sai shinkafa da dankali da wake da ganye da burodi, da shayi mai madara da sukari. Da ɗan ƙasar, Eliud Kipchoge, ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, akwai mai keke da ke binsa yana miƙa masa gorar ruwa mai kabohaidiret a kai a kai. Tuwo a gida, ruwan zaƙi a kan hanya.

BA KOWANE SITACI NE KE TAFIYAR HAWAINIYA BA

A nan akwai gyara ga abin da aka saba faɗa, cewa duk mai sarƙa a hankali yake shiga jini, duk mai zaƙi kuma da gudu. A 1981 wani malami a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin da ke nuna yadda kowane abinci ke ɗaga sukarin jini. Aka ba gulukos maki 100, aka riƙa gwada sauran da shi. Abin da ya kai 70 zuwa sama mai sauri ne, abin da bai wuce 55 ba kuma mai jinkiri ne.

Sai abin mamaki ya fito. Farin burodi ya samu wajen 75, farar shinkafa dafaffiya wajen 73, dankalin Turawa dafaffe wajen 78, alhali sukarin shayi wajen 65 yake, zuma wajen 61. Ka ga ke nan burodi, wanda ba shi da wani zaƙi, ya fi sukari saurin ɗaga sukarin jini. Dalili shi ne rabin sukarin shayi furuktos ne, shi kuma sai ya bi ta hanta tukuna, burodi kuwa gulukos ne zalla da aka niƙe liƙis aka cire masa dusa. Su kuwa dangin wake galibi ba sa wuce 35, madara wajen 39, lemon zaƙi wajen 43, ayaba wajen 51.

Darasin da ke nan shi ne, yadda aka sarrafa abinci yana da tasiri kamar asalinsa. Geron da aka surfe tas, aka niƙa, aka tace, aka dama koko, ya fi saurin shiga jini a kan geron da aka bar shi da 'yar dusarsa aka yi tuwo ko dambu. Sa'annan abin da aka haɗa shi da shi yana canza tafiyarsa. Shinkafa ita kaɗai mai sauri ce, amma in ta zama garau-garau, ga wake ga mai ga ganye, sai ta rage gudu. Koko shi kaɗai ba ya riƙe ciki, amma da ƙosai sai ya kai ka hantsi. Tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa haka. Har ma shinkafa ko dankalin da ya dahu ya huce, wani ɗan ɓangare na sitacinsa yakan taurare ya ƙi narkewa da wuri, ko da an sake ɗumama shi. Iyayenmu da suka haɗa waɗannan abinci ba su auna da na'ura ba, amma sun dace.

KOWANE LOKACI DA ABINCINSA

Na farko shi ne abincin kullum, kuma shi ne tushe. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Rumbun tsoka ba ya cika da abin da ka ci da safiyar wasa, abincin jiya da shekaranjiya ne ke cika shi. Masana abincin 'yan wasa sun ƙiyasta cewa mai motsa jiki kaɗan yana buƙatar giram 3 zuwa 5 na kabohaidiret a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai atisayen awa 1 kullum, giram 5 zuwa 7. Mai yin awa 1 zuwa 3 na aiki mai ƙarfi, giram 6 zuwa 10. Alal misali saurayi mai kilo 60 da ke atisayen awa 1 kullum, nasa zai kama giram 300 zuwa 420. Don ku gane yawan, dafaffiyar shinkafa mai nauyin giram 400, wato faranti guda cike, tana ɗauke da kimanin giram 110. Mafi yawan wannan kaso ya fito daga tuwon dawa da na gero da na masara, da wake da doya da dankalin Hausa da acca, tare da ganye.

Na biyu, kafin a fara. In da sauran awa 3 zuwa 4, a ci cikakken abinci mai sitaci, kamar tuwo ko shinkafa ko doya, a rage mai da yaji. In saura awa 1 ne, to lokacin tuwo ya wuce, sai abu mara nauyi, kamar ayaba ko koko ko 'yar gurasa. Wake da ɗanwake da alale da soye-soye abinci ne masu kyau, amma ba a dab da shiga fili ba, domin harza da mai suna daɗewa a tumbi, kuma da ka fara gudu jini zai bar ciki ya koma ƙafafu, sai abincin ya tsaya cak, ga kumburi ga murɗa. Akwai kuma wasu mutane da in suka sha zaƙi mai yawa ana saura minti 30 zuwa 45 a fara, insulin ɗinsu kan hau, sai aikin tsoka ya haɗu da shi su janye sukarin jini tare, mutum ya ji jiri a farkon wasa. Ba kowa ke samun haka ba. Wanda ya san yana samu, ya bari sai ana saura minti 5, ko bayan an fara. Kuma kada a gwada sabon abinci ranar gasa, a gwada shi a ranakun atisaye.

Na uku, ana cikin yi. In aikin bai wuce minti 45 ba, ruwa ya wadatar, ba a buƙatar komai. In ya wuce awa 1 kuma mai ƙarfi ne, to nan ne lokacin kara ya yi. Ana so a samu giram 30 zuwa 60 na mai saurin narkewa a kowace awa. Wannan ya yi daidai da ayaba matsakaita guda 2, ko ƙananan dabino 8 zuwa 10, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. A riƙa ci kaɗan-kaɗan ana kora ruwa, kada a bari sai jiri ya fara. Wanda ya fi son na sha yana iya haɗawa a gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 12 zuwa 15, gishiri kwatan cokalin shayi, in ya so ya matsa lemon tsami ko ya yi da zoɓo mara kauri. Kada a rikita shi da ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, wancan ma'auninsa daban ne. Kada kuma a sa zaƙin ya wuce haka, don in ya yi kauri yana daɗewa a tumbi.

Na huɗu, bayan an gama. A wannan lokaci ƙofofin tsoka a buɗe suke. A 1988 wani bincike a Jami'ar Texas ta Amurka ya nuna cewa wanda ya jinkirta cin kabohaidiret da awa 2 bayan aiki, saurin cika rumbunsa yakan ragu da kusan rabi. Wannan ya fi shafar wanda zai sake fita cikin awa 8, kamar masu atisayen safe da yamma. Shi ana so ya samu kimanin giram 1 a kan kowane kilo a kowace awa, na 'yan awoyin farko, wato giram 60 ga mai kilo 60. Wanda kuwa sai gobe ko jibi zai koma, ba sai ya yi gaggawa ba, abincinsa na gida ya isa. Ga wannan lokaci da wuya a samu abin da ya fi fura da nono, don ga sitacin gero, ga furotin na nono mai gyara tsoka, ga ruwa. Sai dai a tabbatar da tsabtar nonon da ruwan damun.

Masu ɗaga ƙarfe kuma, waɗanda suka ɗauka ƙwai da nama kaɗai ke fito da ƙwanji, su sani furotin tubali ne, amma magini ba ya aiki da yunwa. In babu gilaikojin a tsoka ba za ka iya ɗaga abin da zai gina ta ba, kuma jiki zai koma ƙona wani ɓangare na furotin ɗin da ka saya da tsada.

IDAN AZUMI YA ZO

Mai azumi yana wuni ne a kan rumbun hanta, kuma kafin la'asar ya yi ƙasa sosai. Saboda haka sahur wurin kirya ne: tuwo, ko shinkafa da wake, ko fura da nono, da ruwa isasshe, kuma a jinkirta shi kamar yadda yake a sunna. Wanda ya yi sahur da shayi mai zaƙi da farin burodi kawai, shi ne tun hantsi yunwa ke kama shi. Buɗa baki kuwa wurin kara ne, dabino da ruwa kamar yadda aka sunnanta, sai kunu, sai abinci mai nauyi bayan an yi salla. Atisaye mai ƙarfi a bar shi sai bayan shan ruwa da awa 2 ko 3. In dole ne a yi da rana, ya zama mara nauyi kuma dab da magariba, musamman a watannin zafi.

GARGAƊI

Kada wani ya tashi daga nan ya ce an halatta masa zaƙi. Sukarin da muka yaba shi ne wanda aka sha ana tsakiyar aiki mai tsawo, tsoka na jiransa. Wanda aka sha ana zaune a majalisa, rumbu a cike, jiki zai mayar da rarar kitse ne, kuma yawan haka shekara da shekaru yana kai wa ga ƙiba da ruɓewar haƙori da haɗarin ciwon sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12, in ma an tsaya a rabin haka ya fi. Lemon kwalba guda ɗaya yakan ɗauki wajen cokali 9. Su kuwa lemukan gwangwani da ake cewa na ƙara ƙarfi, sukari ne da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da kofi. Suna ɓoye gajiya ne, suna sa zuciya bugawa. 

Mai ciwon sukari, musamman mai yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi, motsa jiki na da amfani gare shi ƙwarai, amma ya shawarci likitansa a kan abinci da magani kafin ya shiga atisaye mai ƙarfi, kuma kada aljihunsa ya rabu da dabino ko sukari.

In kuma wani ya galabaita a fili, yana karkarwa da gumi da jiri amma yana cikin hayyacinsa, a kai shi inuwa, a ba shi kimanin giram 15 na zaƙi, wato sukari cokalin shayi 4 a ruwa ko ƙananan dabino 3, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. In jikinsa ya yi zafi rau kuma yana sambatu, to zafin rana ne ya buge shi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita a kan hanyar zuwa asibitin.

A taƙaice 'yan'uwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tuwo da wake da ganye su ne na kullum da na awoyi kafin a fita. Dabino da ayaba da ruwan zaƙi mara kauri su ne na tsakiyar dogon aiki. Fura da nono da abincin gida su ne na bayan an dawo. Ina roƙon shugabannin atisaye su riƙa tambayar yaransu abin da suka ci kafin a shiga layi, kuma in za a wuce awa 1 a tanadi ruwa da dabino a bakin fili. Iyaye mata kuma a taimaka a rage surfe, a bar wa hatsi 'yar dusarsa.

A nan zan dakata. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu yi amfani da ita ta hanyar da ya yarda.